Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Kan Lokacin Nema Wa Iyali Bizar Zama A Amurka

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya aure ya zama wurin natsuwa ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, yau ina so mu tattauna wani al'amari wanda a zahirinsa maganar takardu ce da ofisoshi, amma a haƙiƙaninsa maganar haƙƙi ce da amana. Akwai 'yan'uwanmu da dama, daga Najeriya da Nijar da zangunan Gana, waɗanda Allah Ya ba su takardar zama ɗan ƙasar Amurka, ko kuma katin zama na dindindin da aka fi sani da girin kad. Wasu an haife su ne a can lokacin da iyayensu ke karatu, aka dawo da su gida suka girma, wasu kuma neman abinci ya kai su har suka zauna a wurare irin su Bronx ta birnin New York. Idan ɗayansu ya yi aure a gida, ko kuma yana zaune a gida da iyalinsa sai ya ƙudura komawa can, tambayar da takan taso ita ce: yaushe ya kamata ya fara nema wa matarsa bizar zama? Kafin ya tafi, ko bayan ya je ya kintsa?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: da zarar aure ya tabbata kuma niyyar ƙaura ta tsaya, to a shigar da takardu tun miji yana tare da iyalinsa, kuma kada ya sa ranar tafiyarsa sai ya lissafa tsawon rabuwar da za ta biyo baya, ya kuma gaya wa matarsa da waliyyinta gaskiyar lissafin. Zan yi magana da sigar miji ne domin shi ya fi yawa, amma hukuncin ɗaya ne idan matar ce ke da takardun.

YADDA TAKARDUN KE TAFIYA

Ba za a gane muhimmancin lokaci ba sai an san matakan da ake bi. Mataki na farko shi ne miji ya cika fom mai lamba I-130, ya aika wa hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, yana tabbatar da cewa wannan matarsa ce ta gaskiya. Tun daga Afrilun 2024 kuɗin wannan fom ya koma dala 675 a takarda, ko dala 625 ta intanet. Ana iya cika shi daga Kano ko Kumasi ko Yamai, ba sharaɗi ba ne sai mutum yana cikin Amurka. A 'yan shekarun nan wannan mataki shi kaɗai yakan haura shekara guda.

Idan an amince, sai fayil ya wuce cibiyar biza ta ƙasa da ake kira NVC, a garin Portsmouth na jihar New Hampshire. A nan ne ake biyan kuɗin biza, matar ta cika fom ɗinta mai lamba DS-260, a tura takardar haihuwa da ta aure da ta 'yan sanda, shi kuma miji ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi mai lamba I-864. Bayan an kammala sai a shiga layin ganawa da jami'in biza. Ga 'yan Najeriya, a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ake yin wannan ganawa, ga 'yan Gana kuma a Accra. Kafin ranar ganawar sai an yi gwajin lafiya wurin likitan da ofishin ya amince da shi. Idan an haɗa waɗannan matakai duka, ba abin mamaki ba ne a ga shekara biyu ta shuɗe.

Wannan kuwa ga matar ɗan ƙasa ke nan, wadda doka ba ta ƙayyade yawan bizar da ake ba irinta a shekara ba. Matar mai girin kad tana cikin wani rukuni ne mai suna F2A wanda aka ƙayyade adadinsa, saboda haka tana da wani layin na daban, kuma gurbinta a layin yana farawa ne daga ranar da aka karɓi fom ɗin mijinta. Ma'ana, duk ranar da ya ƙara kafin ya shigar, ya ƙara wa matarsa kwana ɗaya ne a zaman jira.

JINKIRI YANA HANNUNKA, SAURI BA YA HANNUNKA

Ga ƙa'idar da na gina ra'ayina a kanta, ya ɗan'uwa. Idan ka shigar da wuri, sannan hukumar ta amince kafin ka shirya, kana da ikon rage gudu. Fayil ɗinka yana iya zama a cibiyar NVC, muddin ba ka bari shekara guda cur ta wuce ba ka tuntuɓe su ba, domin idan ta wuce doka ta ba su damar fara soke shi. Amma idan ka makara, babu wata ƙofa da za ka ƙwanƙwasa a ce maka ga bizar gobe. Tun daga Fabrairun 2020 aka taƙaita shigar da fom ɗin kai tsaye a ofishin jakadanci, sai a halin larura kamar rashin lafiya ta gaggawa ko sauyin wurin aiki na ba-zata, kuma ko a nan ma jami'i ne ke da zaɓin karɓa ko ƙi.

Sannan akwai abin da ya fi tsawon layi haɗari, shi ne ƙofar kanta tana iya rufewa. A ƙarshen Janairun 2020 Shugaba Donald Trump ya fitar da umarnin dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka zauna a haka har sai da Shugaba Joe Biden ya soke shi ranar 20 ga Janairun 2021. A Yunin 2025 aka sake fitar da umarnin hana shiga ga wasu ƙasashe, ciki har da Chadi da Sudan, amma a lokacin an ware matan 'yan ƙasa da 'ya'yansu. A Disambar 2025 kuma aka faɗaɗa shi, aka sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana gaba ɗaya, aka dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka kuma cire waccan warewar ta iyali, umarnin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A cikin watan na Janairu ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sanar da dakatar da bayar da bizar zama ga 'yan ƙasashe 75, ciki har da Najeriya da Gana da Kamaru.

Abin lura a nan shi ne, waɗancan umarnai na shugaban ƙasa ba su shafi wanda ya riga ya karɓi bizarsa kafin ranar fara aikinsu ba. Wato 'yan watanni na jinkiri a farkon tafiya su ne suka raba wadda ta isa ɗakin mijinta da wadda ta ci gaba da zama a gidan surukai. Don haka wajibi ne ga duk mai wannan shiri ya fara bincika matsayin ƙasar da matarsa ke riƙe da fasfonta a ranar da yake lissafi, daga shafin ma'aikatar kanta ko daga lauya masani, ba daga hirar majalisa ba. Idan ya tarar ƙofar a rufe take, to ya sani cewa tafiyarsa shi kaɗai tafiya ce da ba wanda zai iya yanke masa ranar haɗuwa, kuma haramun ne ya yi wa yarinya da iyayenta alkawarin wata uku ko shida alhali ya san ba shi da iko a kai.

HAƘƘIN DA AKE MANTAWA

Mutanenmu sukan ɗauka cewa idan miji yana aiko da kuɗi duk wata, ya gina ɗaki, ya sayi waya mai kyau, to ya sauke nauyi. Ciyarwa haƙƙi ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Shari'a ta kula da kasancewar miji tare da matarsa kamar yadda ta kula da cinta da shanta. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 226, Allah Ya yanke wa wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba wa'adin wata huɗu, daga nan ko dai ya koma ko ya rabu da ita. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ji wata mata da dare tana kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi, sai ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace ke iya haƙuri, daga nan ya sa doka cewa kada a riƙe mayaƙi nesa da iyalinsa fiye da wata shida. Idan an yi wa mai jihadi iyaka, ina ga mai neman dala?

A kan wannan ne malaman Hambaliyya suka ce idan miji ya ɓace wa matarsa fiye da wata shida ba da uzuri ba, ta kuma nemi ya dawo ya ƙi, tana da damar kai ƙara. Malamanmu na Malikiyya kuwa, a zancen da aka fi dogara da shi, sun ce idan rashinsa ya kai shekara kuma ta cutu, alƙali zai aika masa: ko ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sake ta, ko da kuwa yana aiko da abinci. Yanzu ka ɗora wannan ma'auni a kan shekara biyu ta jiran biza, ka ƙara da shekarar da wasu ke ɓatawa kafin su ma cika fom na farko.

Ba ina cewa tafiyar haramun ba ce. Haƙƙin na matar ne, kuma idan ta yafe da yardarta babu laifi. Amma yafiya ba ta inganta sai da sani. Wadda aka ce wa bayan Sallah za ta tafi, ta yi sallama da ƙawaye, ta ajiye karatunta, sannan Sallah huɗu ta wuce tana nan, ba yafewa ta yi ba, yaudararta aka yi. Mu da ke koyarwa a Islamiyyun matan aure mun san irin tambayoyin da ke fitowa daga bakin masu wannan zama, a sakaye, cikin kunya, kuma mun san irin kallon da unguwa ke yi musu: ita ba budurwa ba, ba bazawara ba, ba kuma mai miji a gida ba. Shi ma mijin can ba a cikin aminci yake ba, domin saurayi mai jini a jika, shi kaɗai a ƙasar da ba mai tsawata masa, ya san abin da yake fuskanta.

AMMA SAURI YA HAIFI NAWA

Da na ce a shigar da wuri, ba ina nufin a shigar a makance ba. Akwai abubuwan da idan ba a daidaita su ba, saurin zai koma nawa.

Na farko, kuma ya shafe mu ƙwarai: auren da aka ɗaura ango yana can. A wurinmu wakili ya karɓi aure, an ba da sadaki, shaidu sun shaida, aure ya ɗauru babu shakka. Amma dokar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa auren da aka ƙulla ma'auratan ba sa wuri ɗaya, sai in sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin auren. Wanda aka ɗaura masa aure yana New York, ya yi wuf ya cika fom kafin ya zo a tare, ya yi asarar kuɗinsa da watanninsa. Daidai shi ne ya zo, a yi tarewa, ya adana shaidar zuwansa, sannan ya shigar.

Na biyu, mai mata fiye da ɗaya. Dokar can ba ta san aure na biyu ba matuƙar na farko yana nan, kuma ta hana shiga ga wanda zai je ya zauna da mata fiye da ɗaya. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta a fili kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba bayan amarya ta haihu ba. Wanda kuma ya taɓa aure ya rabu, shi ko ita, ya nemi takardar saki ta kotu tun yanzu, domin za a tambaye ta.

Na uku, takardu su yi magana da murya ɗaya. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a fasfo da takardar haihuwa da ta aure. Sakacin da muke yi da wannan, yau Aisha gobe A'ishatu, yau sunan uba gobe sunan gari, yana iya jawo tambayoyin da za su ci watanni.

Na huɗu, 'ya'ya. Idan mijin ɗan ƙasa ne, fom ɗin matar ba ya ɗaukar 'ya'ya, kowane yaro sai an cika masa nasa, kuma agola ba ya shiga sai in an ɗaura auren kafin ya cika shekara 18. Ɗan da ɗan ƙasa ya haifa a waje da matar da ba 'yar ƙasa ba yana iya gadon zama ɗan ƙasa, amma sai uban ya taɓa zama a Amurka shekara 5, biyu daga ciki bayan ya cika shekara 14. Wanda aka haifa can aka dawo da shi yana goye, ya lura da wannan da kyau.

Na biyar, bizar ba ta ajiya ba ce. Idan ta fito, wa'adinta bai wuce wata shida ba, wani lokaci ma ƙasa da haka saboda ana ɗaure ta da wa'adin gwajin lafiya. Don haka kada a karɓi ranar ganawa sai an san za a iya tashi. Kuma katin da za ta samu na zama ne, ba na ziyara ba. Wanda bai yi niyyar zama can da iyalinsa ba, yana so ne kawai a ce matarsa tana da kati, to bai kai lokacin nema ba.

Na shida, lissafin shekara biyu. Idan matar ta shiga Amurka aurensu bai cika shekara biyu ba, katin wucin gadi na shekara biyu za a ba ta, sai sun sake cika wani fom mai lamba I-751 cikin kwana 90 na ƙarshen wa'adinsa. Idan kuwa ya cika, katin shekara goma za ta samu. Ranar shiga ake dubawa, ba ranar bayar da biza ba. Saboda haka wanda saura mako uku aurensa ya cika shekara biyu, kuma bizar tana da sauran wa'adi, haƙurin mako ukun ya fi masa.

TO YAUSHE MIJI ZAI YI GABA?

Babbar hujjar masu cewa a fara tafiya ita ce takardar ɗaukar nauyi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Doka ta buƙaci miji ya nuna samun da ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, wanda a 2025 ya kama kusan dala 26,400 a shekara ga gida mai mutum biyu. Albashin da yake karɓa a Abuja, wanda zai yanke ranar da ya tashi, ba ya shiga lissafi. Haka kuma sai ya nuna cewa mazauninsa a Amurka yake, ko kuma zai koma can ya zauna kafin matarsa ta isa ko tare da ita.

Amma ka lura, ba a neman wannan takarda a mataki na farko, sai fayil ya isa NVC, wato bayan shekara ko fiye. Ashe ke nan ɗan ƙasa yana iya cinye mafi tsawon jiran yana ɗakinsa tare da iyalinsa, sai amincewa ta kusa sannan ya yi gaba da 'yan watanni, ya kama aiki, ya kama gida. Yana kuma iya cike giɓin samu da kadara, ko ya sami wani mazaunin can ya tsaya masa, sai dai mai tsayawa yana rufe maganar kuɗi ne kawai, ba ya rufe maganar mazauni. Ya kuma sani Amurka tana neman 'yan ƙasarta su cika takardun haraji ko a ina suke zaune, kuma za a nemi na shekarar baya. Wanda aka roƙa ya tsaya wa wani shi ma ya san abin da yake sa wa hannu: alkawari ne da kotu ke iya tilasta shi, yana nan har sai matar ta zama 'yar ƙasa ko an lissafa mata aikin kimanin shekara goma, kuma saki ba ya warware shi.

Mai girin kad shi ne halinsa ya fi tsanani, domin idan ya yi shekara guda a waje ba tare da takardar izinin dawowa ba, katinsa ba zai ƙara shigar da shi ba, zaman da ya haura wata shida kuma yana iya taɓa lissafinsa na zama ɗan ƙasa. Irin wannan ba shi da zaɓin zama da iyali har a gama. Abin da ya rage masa shi ne ya shigar da zarar an tare, kuma ya sa kuɗin jirgin zuwa gida a cikin kasafin aurensa kamar yadda ya sa kuɗin lefe. Wanda ba zai iya zuwa ko sau ɗaya a shekara ba, ya sake tunani kafin ya ɗaure 'yar mutane.

ƁARAUNIYAR HANYA

Idan jira ya yi tsawo, ba a rasa mai ba da shawarar cewa matar ta nemi bizar ziyara, ta ce ba ta da aure ko kuma biki za ta je ta dawo, in ta shiga sai a gyara. Wannan ƙarya ce a gaban wanda ya tambaye ka gaskiya, kuma ba ta zama halal don wanda aka yi wa ba Musulmi ba ne. Ta fuskar doka ma, wanda aka kama ya yi ƙarya a kan abu mai muhimmanci don samun biza, hukuncinsa hani ne na har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman, wadda ba kowa ke samu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan matar ce ke faɗawa ciki, ba mai ba da shawarar ba.

KAMMALAWA

Wani zai ce komai nufin Allah ne, in an rubuta za ta je, za ta je. Gaskiya ne. Amma Wanda Ya rubuta ƙaddara Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Ɗaurin raƙumi a nan shi ne takarda da alƙalami: yaushe za a tare, yaushe za a shigar, wata nawa ake tsammanin jira, sau nawa zai zo, a ina za ta zauna, za ta ci gaba da karatunta ko sana'arta, kuma me za a yi idan shekara biyu ta wuce ƙofa ba ta buɗe ba. Ciki har da amsar da maza ba su cika son ji ba, wato shi ya dawo gida.

Ina kira ga iyaye da waliyyai, idan mazaunin waje ya zo neman 'yarku, ku yi masa waɗannan tambayoyi kafin ku yanka sadaki. Ba rashin kunya ba ne, amana ce kuke saukewa. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa ya ba ku amsa. Ina kira ga 'yan'uwa mata, ku nemi lambar fayil ɗinku, ku san matakin da yake, domin rayuwarku ce ake magana a kai. Ku kuma maza, ku tuna za a tambaye ku a kan kwanakin da kuka bar matanku suna ƙirga, kamar yadda za a tambaye ku a kan abin da kuka ciyar da su.

Allah Ya haɗa kowane miji da iyalinsa cikin alheri, Ya ba masu jira haƙuri da mafita, Ya tsare mana mutuncinmu a gida da waje. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Wallahu a'alam.